Yadda Na Kai Bayahudiya Shaida a Kan Yaya Ladi

Tun da na dawo daga Riyad ban huta ba. A aji a tambaye ni, a gidan suna a tambaye ni. Shekaranjiya muna tsaka da wankan wata tsohuwa, Hajiya Binta da ke zuba mini ruwa ta raɗa mini a kunne, "Wai da gaske jirgin ƙasansu ba direba?" Na ce ki ji tsoron Allah, gawa ce a gabanmu. To malamarmu ta makarantar manya ta ce tunda hannuna ya faɗa da rubutu, in rubuta sau ɗaya in huta. Ga shi nan. Wadda ta ga kuskure ta tuna ina da shekara hamsin da ɗaya na fara riƙe fensir, ta yi mini shiru.

Ga wadda ba ta san ni ba, ni ce Jummai ta Funtuwa, mai wankan gawar mata. Ɗana Nura ne ya aiko mini da biza, yana aikin gwajin jini a wani asibiti can. Ya ce in zo in huta. Ƙarya yake yi, kuma na san ƙarya yake yi.

Mu asalin gidanmu Maguzawa ne. Ni na musulunta ina budurwa, yayata Ladi kuma ta bi 'yan mishan, uwa ɗaya uba ɗaya, ba mu taɓa samun saɓani a kan wannan ba. Ranar da Innarmu ta rasu mu biyu muka yi mata wanka, a nan ma na koyi aikin. Muna gamawa Yaya ta kama hannuna jiƙe ta ce duk wadda ta riga tafiya, ɗayar ce za ta wanke ta. Na ce na ɗauka.

Shekara huɗu da suka wuce mijinta ya mutu. Na je gaisuwa, fastonsu yana cewa mamacin zai tashi kamar yadda Almasihu ya tashi daga kabari, Yaya tana riƙe da maganar nan kamar wadda ruwa ya ci ta samu reshe. Ni kuma bakin nan nawa, da kuka san shi, ya ce a tsakiyar mata, "Wanda ba a kashe ba ina zai tashi?" Na ɗauka a hankali na faɗa. Ni ban da a hankali. Yaya ta ɗago ta dube ni ta ce, "Jummai, ko gawata kada ki taɓa." Daga ranar ko gaisuwar waya ba ta ƙara haɗa mu ba.

To 'yarta Rifkatu nas ce a Riyad, ta haihu, Yaya ta je mata wankan jego. Sai ga biza ta faɗo mini daga sama. Yaran sun haɗa baki ne su tara mu a ɗaki guda, ko jaririn ya sani. Ni ma na yi nawa shirin. Kada ku ce haƙuri na shirya bayarwa. Littafin aji na samu mai bango ja, na rubuta HUJJOJI a kansa, duk wa'azin da na ji a waya a kan wannan magana na kwafe a ciki. Nufina in na kayar da ita ta ga gaskiya gare ni, sai ta janye rantsuwarta. Haka kaina ya ba ni.

Daga Funtuwa zuwa Kano ba labari, sai dai direban ya zaunar da ni a kan buhun albasa rabin hanya, na isa filin jirgi ina ƙamshin miya. A wajen bincike wata yarinya mai kaki ta zazzage jakata: daddawa, kuka, busasshiyar kuɓewa, yajin jego, gero da kanwa na kunu. Ta toshe hanci. Na ce 'yar nan, da wannan warin uwarki ta raine ki, sauke hannunki. Goro kuwa suka karɓe, wai can ba a shiga da shi. Na tsaya a gabansu na cinye uku, don kada a ce ban yi komai ba.

Jirgi ya tashi, na kama kujerar gabana na yi ta salati da ƙarfi har mutumin da ke kanta ya juyo ya ce, "Hajiya, ki bar mana wani abin mu ma mu karanta." Ba a je ko'ina ba kuma sai ga ni ina leƙen taga ina dariya ni kaɗai. Gajimare a ƙarƙashina! Ni Jummai da ko bene hawa biyu ban taɓa kwana ba.

A Adis Ababa aka sauke mu, aka ce sai bayan awa bakwai. Aka ba mu abinci, wani abu kamar sinasir da aka yi wa laifi, faffaɗa, toka-toka, ga tsami. Ga nama a kai, ban san yankan wa ba ne. Ina jujjuya shi sai na ga wata tsohuwar Baturiya a teburin gefe, kanta ɗaure da ɗankwali, hannun rigarta har wuyan hannu, ita ma ta ture naman gefe. Ta je ta wanke hannu, ta dawo ta yi 'yar addu'a a kan burodi kafin ta gutsura. Na ce a raina Allahu Akbar, Baturiya ta musulunta. Na ciro ƙuli-ƙuli na miƙa mata da hannu, tunda Turancina na aji uku ne.

Ta karɓa ta ce, "Kai, ƙuli-ƙuli! Rabona da shi an fi shekara ashirin. Sannu da hanya, baiwar Allah."

Saura kaɗan in faɗo daga kujera. Hausa ce tas, irin ta Damagaram. Ashe ungozoma ce, ta yi shekara goma sha biyu tana karɓar haihuwa a can, yanzu tana Faransa, za ta Riyad wajen ɗanta injiniya. Ta ce a Damagaram Asabe ake kiranta, don ba ta aiki ranar Asabar sai in rai ne a kan siraɗi.

Na ce, "Me ya hana ki aiki Asabar? Ai Juma'a ce tamu."

Ta ce, "Taku ce. Ni Bayahudiya ce."

Jama'a, ƙuli-ƙulin bakina ya ƙi gaba ya ƙi baya. Ni ban taɓa ganin Bayahude ba sai a wa'azi da talabijin. Na dube ta sama da ƙasa: tsohuwa ce kawai mai ciwon gwiwa, da garin ƙuli a haɓa. Ban ɓoye mata ba, na ce to yaran da muke gani ana cirowa daga ƙarƙashin gini fa? Ta ajiye abin hannunta. Ta ce ita da ta karɓi jarirai da hannunta ba ta iya kallon hotunan nan ta yi barci. Mun yi wannan magana mai tsawo, wani wurin mun haɗu, wani wurin ba mu haɗu ba, ba kuma ita na zauna rubutawa yau ba. Da aka kira jirgi dai na ja jakata na yi gaba, ban jira ta ba.

Allah kuwa ya riga ya gama shirinsa. A filin jirgin Riyad kowa sai ya ɗora yatsu a kan wani gilashi mai kore. Na ɗora, ya ƙi. Na goge a zane, ya ƙi. Ma'aikaciyar ta shafa mini wani ruwa, ta danna hannuna kamar mai tuƙa tuwo, ya ƙi. Ta nuna mini benci ta ce, "Istanni," wai in jira. Na je na zauna ina cewa shi ke nan, daddawa ce ta tona mini asiri. Minti biyar sai ga Asabe an turo ta, tana ɗingishi tana dariya.

Ta ce, "Ke ma?"

Na buɗe mata tafina. Shekara talatin ina cikin ruwa da sabulu da ganyen magarya da kafur, zanen yatsuna ya shafe sumul kamar bayan cokali. Na faɗa mata aikina, ina jiran ta ja da baya kamar yadda wasunku ke yi in na miƙo hannu a biki. Sai ta buɗe nata tafin kusa da nawa. Iri ɗaya. Ta ce tun da ta bar karɓar haihuwa ta shiga ƙungiyar matan da ke wanke matattunsu.

Muka manta da ma'aikata. Kuna rufe al'aura? Muna rufewa. Dama kuke farawa? Dama. Farin ƙyalle, ba aljihu? Ba aljihu. Kuna kwana da gawa? Ta ce in da hali ko kaɗan, a kai mutum gidansa da wuri. Ta ce in sun gama har gafarar mamaciyar suke roƙa, ko sun taɓa ta da ƙarfi ba su sani ba. Na ce wallahi ni ma ina yi, ban taɓa gaya wa kowa ba.

A nan shaiɗan ya zo mini a siffar dabara. Na matso na ce, "Asabe, ku da abin ya faru a garinku, kun yarda Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya tashi daga kabari?"

Ta ce, "A'a, ba mu yarda ba. Na ma karanta littattafansu sosai, mijina malamin tarihi ne a lakwal, wato makaranta, kullum..."

Ban bari ta ƙarasa ba. Shaida! Daga gidan da abin ya faru! Nan take na karɓi lambarta. Ku lura da kyau, rabin tambaya na yi. Mai saye ya ɗanɗana bakin buhu ya ce duka sukari ne.

Daga baya wani babba ya zo ya kalli hannayenmu, ya girgiza kai, ya ce, "Khalas, yalla," aka buga mana hatimi. Kafin mu rabu ta ce don Allah kada in yi shelar ko ita wace ce, ba ta son surutu. Na ce sirrinki a cikina. Ina hango Nura na ruga na rungume shi na raɗa masa, "Na samo Bayahudiya!" Wasu mutanen Maraɗi uku masu turin kaya suka juyo a tare.

Nura ya ce, "Umma, don girman Allah. Iƙamata, takardar zamana a ƙasar nan, saura wata biyu a sabunta."

Gidansa a unguwar Shifa yake, hawa na uku, ɗaki biyu da sanyin na'ura kamar cikin randa. Garin kuwa ba wanda ke tafiya da ƙafa. Na leƙa titi ina neman wadda zan ce wa ina kwana, ba kowa sai motoci. Maƙwabci bai san maƙwabci ba, ko wuta ba a zuwa ɗiba. Mata na tuƙi, wata ma ta yi mana hon ta wuce kamar iska, na tafa mata. Abinci shinkafa ce da safe da rana, sunanta ne kawai ke canjawa, yau kabsa gobe mandi, a zube ta a faranti ɗaya kamar za a ciyar da unguwa. Burodinsu na tamis da wake da safe kam na yaba. Gahawa kuwa a wani ɗan kofi kamar murfin kwalba, ina shanyewa a ƙara, ina shanyewa a ƙara, ashe sai ka girgiza kofin ake dainawa. Na sha tara a gidan abokin Nura, na kwana ido a bushe ina ba bango labari.

Jirgin ƙasan, Hajiya Binta, da gaske ne. Na je har gaba na duba, ba kowa, gilashi ne kawai. Na zauna a wurin na riƙe ƙarfe ina cewa to ni ce direba, yaran Larabawa suna ta dariya.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne wajen wankan gawarsu. Matar wani ɗan Zinder mai gadi ta kai ni na gani, a jikin wani babban masallaci: ɗaki fes, gadon ƙarfe, ruwan zafi da na sanyi a famfo, likkafani a jere a kanta. Na tuna yadda nake durƙuso a bayan ɗaki da bokiti biyu, na ce Allah ka ba Funtuwa. Kabarinsu kuma ba suna, dutse ne kawai, sarki da talaka.

Kwana uku Nura yana lallaɓa ni, ran Lahadi muka shirya zuwa unguwar Shumaisi gidan Rifkatu. Na kira Asabe na ce ta zo ta ga jariri. Ban ce mata kotu na kira ta ba. Ta ce Lahadi ta yi, da jiya ce ko mota ba ta shiga. Nura ya sauke mu a ƙofa ya gudu wajen aiki, don can Lahadi ce Litinin ɗinsu.

Rifkatu ta buɗe ƙofa ta faɗa jikina tana "Inna Jummai! Inna Jummai!" Na hango Yaya a kan kujera. Ta rame. Yatsunta sun kumbura sun lanƙwashe, sanyin ƙashi ya gama da su, ba wanda ya gaya mini. Na ce, "Ina wuni, Yaya." Ta ce wa bango, "Lafiya."

Aka kawo shayi da dabino. Asabe ta karɓi jaririn ta duba cibiya ta yaba, Yaya ta sake da ita har tana yi mata ƙorafi, wai wace irin ƙasa ce Lahadi kowa ya tafi aiki, ba ƙararrawa ba komai. Na ga hira za ta yi daɗi ba da ni ba. Na zaro jan littafina na ajiye a kan tebur, tim.

Na ce, "Yaya, wannan baiwar Allah Bayahudiya ce. A garinsu abin ya faru. Asabe, faɗa mata abin da kika faɗa mini."

Rifkatu ta ce, "Wayyo Inna," ta tashi ta rufe taga.

Asabe ta dube ni ta kan tabarau. "Au, shaida kika kawo ni?"

"Gaskiya kawai za ki faɗa."

"Duka?"

"Duka!"

Yaya ta gyara zama ta ce, "Bar ta ta faɗa. Shekara huɗu nake jiran ƙarshen maganar nan."

Asabe ta miƙa wa Rifkatu jaririn. Ta ce to, ita ba malama ba ce, abin da mutanenta ke cewa da abin da ta karanta za ta faɗa. Ta ce labarin tashin a littattafai huɗu yake, an rubuta su shekaru da yawa bayan abin, da harshen da ba shi mutanen ke yi a gida ba. Wani ya ce mace ɗaya ce ta je kabarin, wani biyu, wani uku. Wani ya ce mala'ika ɗaya suka gani, wani biyu. Wanda ake ganin ya fi tsufa ma a kan matan sun gudu a tsorace ya tsaya.

Ina bin littafina da yatsa ina cewa, "Yawwa! Lamba uku ke nan! Yawwa!"

Ta ce su Yahudawa sun yarda da tashin matattu, amma na kowa da kowa, a ƙarshen duniya, ba mutum ɗaya a tsakiyar zamani ba. Kuma Almasihun da suke jira in ya zo yaƙi zai ƙare. Ta ce, "Ku buɗe talabijin ku gani ko ya ƙare."

Na miƙe tsaye na yi guɗa, a Riyad, a hawa na biyu. Na ce, "Yaya, kin ji? Wanda ba a kashe ba..."

Asabe ta ce, "A'a, an kashe shi."

Na ce, "Na'am?"

"An gicciye shi, ya mutu. Rumawa suka yi, haka suke yi wa mutanenmu da yawa. A duk labarin nan ba abin da masu tarihi suka fi yarda da shi kamar wannan."

"Ke! Kamanta musu aka yi! Allah ya ɗauke shi!"

"Wannan imaninku ne, ban hana ki ba. Ke kika ce in faɗi duka."

Yaya ta fashe da dariya. Dariyar da rabona da ji tun Inna na da rai, har da buga cinya da hannun nan mai ciwo. "Jummai ta yi hayar mai duka, ya fara da ita! Lamba nawa ke nan a littafin?"

Na ce, "Ke ma ai ta ce bai tashi ba!"

Dariyar ta tsaya. Ta juya kan Asabe. "Haka ne fa. To in bai tashi ba, ina gawar?"

Ni ma na juya. "Kuma wa ya ce miki annabin Allah zai ƙare a kan gungume?"

Sai ga mu kafaɗa da kafaɗa a kan kujera ɗaya, ban san lokacin da na koma can ba, muna yi wa baƙuwa ca. Ita kuwa tana cin dabino. Rifkatu ta ce, "Mama, Inna, a hankali, maƙwabtanmu 'yan Misira ne, sun fi ku iya faɗa."

Asabe ta ce ba ta san inda gawar take ba, kuma duk wanda ya ce ya sani daga tarihi ya ƙara gishiri. Ta ce tun a wancan zamanin wasu mutanenta sun ce almajiransa ne suka sace, amma ita ba ta yarda ba, don mutum ba ya yarda a kashe shi a kan abin da ya san shi ya ƙulla. Wataƙila kabarin aro ne, mai shi ya mayar da gawar wani wuri. Wataƙila baƙin ciki ne ya sa suka gan shi.

Yaya ta ce, "Na ga mijina a mafarki ya fi sau goma. Na san mafarki, na san ido biyu. Almajiran nan sun ci abinci da Almasihu bayan ya tashi."

Asabe ta ce, "Haka aka rubuta. Ni ban gaskata ba, ke kin gaskata. Amma zan ba ki naki, don ban zo cin amana ba. A wancan zamanin ba a ɗaukar shaidar mace da nauyi. Mai ƙirƙirar labari da maza zai fara. Su kuwa duk huɗun sun ce mata ne suka fara zuwa. Wannan wurin na yarda ya faru."

Na ce, "To me ya kai mata kabari da sassafe? Mu ko maƙabarta ba ma zuwa."

Ta ce, "Ke ce za ki tambaye ni? Ran Juma'a ya mutu, da la'asar. Mu kuwa rana na faɗuwa Asabar ta shiga, ba a taɓa aiki, ba a ɗaukar gawa. Kuma dokarmu ta hana a bar shi ya kwana a rataye. Sai aka naɗe shi da gaggawa aka sa a kabari ana kallon rana. Ba a gama masa ba. Matan suna tsaye daga nesa suna gani. Suka wuni Asabar hannu a ɗaure. Gari na wayewa Lahadi suka ɗauki turare suka fita, ba su ma san wa zai gusar musu da dutsen da aka rufe bakin kabarin da shi ba."

Na yi shiru. Ku da kuka san ni kun san wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Ni dai aƙidata tana nan inda take, Annabi Isa yana sama da ransa, a kan haka zan mutu. Amma matan nan na san su. Ko wane ne a cikin kabarin, su sun ɗauka nasu ne. Na san yadda ake ji in an ɗauke gawa ana sauri saboda hadari, ka dawo gida ka tuna ba ka sa kafur a ruwan ƙarshe ba. Tuwo ba ya haɗiyuwa. Da za a bar ka da ka bi ta da gudu. Waɗannan ba musu suka je yi ba. Nasu suka je ƙarasa wa.

Ni kuma tawa tana zaune a gefena da rai, ranar da take buƙatar turare na kai mata hujja.

Na rufe jan littafin. Na ce, "Yaya, ranar nan ba ranar magana ba ce. Na yi miki laifi."

Ta ce, "Ba ki janye ba dai."

"Ban janye abin da na yarda da shi ba. Bakina na janye."

"Wannan bakin? A ina za ki ajiye shi, ɗakin haya za ki kama masa?"

Sai jaririn ya tsala kuka, lokacin wankansa ya yi. Rifkatu ta kawo baho. Na ga Yaya ta miƙa hannu ta janye, yatsun ba za su riƙe jariri mai santsi ba. Ashe tun da ta zo Rifkatu ce ke yi da kanta, da ɗinki a jikinta, uwar tana kallo tana cizon leɓe. Asabe ta fara naɗe hannun riga, ungozoma ce ai. Yaya ta ce, "A'a, baƙuwa, zauna. Jummai, tashi ki wanke jikanki. Ki bi a hankali, wannan yana motsi."

Na wanke shi. Na fara da dama saboda sabo. Ya yi mini fitsari a zane, muka yi ta shewa mu huɗu. Washegari na kwaso kayana daga Shifa na dawo Shumaisi, na dama kunun kanwa, na karɓi wankan jego, Yaya tana daga kujera tana ba da umarni kamar kafil, ubangidan 'yan aiki a can. Asabe ta ƙara zuwa sau biyu, mun yi musu duk biyun, ba wadda ta matsa ko taku ɗaya. Har yau tana turo mini murya a waya tana tambayar ƙuli-ƙuli.

Ranar da zan taho, jakata na bakin ƙofa, Nura yana ta hon a ƙasa, Yaya ta kira ni ɗaki. Ta ciro wata 'yar kwalbar turaren itace da ta sa Rifkatu ta sayo, ta danƙa mini, ta rufe hannuna da nata biyun.

Ta ce, "In na riga ki, da wannan za ki zo. Kada ki bari su yi mini sauri."

Na ce, "Da asuba zan zo, kafin kowa."

Sai na ga idon nan nata na tsokana ya dawo. "To in kika zo kika tarar ba na nan fa?"

Na ce, "Sai in san 'yan cocinku ne suka sace ki."

Ta ɗaga hannu za ta make ni, hannun ya ƙi, sai ta make ni da kai a kafaɗa, ta bar shi a wurin.

Kwalbar tana cikin akwatina, ƙarƙashin nawa likkafanin. Kullum in na buɗe ina roƙon Allah ya sa ta daɗe a rufe.